Yaron da Ke Gudun Kiran Salla

Kowa a unguwarsu a Sheme ya san abin da ke damun Salim, ɗan Shamsu mai faci. Shekararsa tara, ba ya magana, ba ya kallon idon mutum, kuma da ladan ya buɗe baki a masallacin da ke jikin katangar gidansu, sai yaron ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana ihu. Sau biyar kullum. Wane irin abu ne ke gudun kiran salla? Ba sai an faɗa ba.

Hamida, uwarsa, ita kaɗai ce ta ƙi yarda. Ta taɓa kai shi asibiti a Funtuwa, aka ce mata galahanga ce, haka Allah ya yi ƙwaƙwalwarsa, a bi shi sannu a koya masa. Ta kuwa bi shi. Ta koya masa in yana jin ƙishi ya kawo kofi, in bayi yake so ya kawo buta, in fita yake so ya ɗauko takalmi. Bana har riga yake sa wa kansa.

Amma Alhaji Nata'ala, mahaifin Shamsu, ya riga ya yanke magana. Akwai wani malami gaba da Mabai da ke ajiye masu iska a gidansa. Kwana arba'in za a bar yaron can, uwa ba ta zuwa, wanda ke gudu kuma mari ake sa masa a ƙafa.

"Malam, ƙara ce ba ya so," Hamida ta ce wa Shamsu ran tafiyar, tana tsaye a bakin ɗaki. "Injin niƙa ma haka yake yi mashi."

"Niƙa daban, sunan Allah daban," Shamsu ya ce, bai dube ta ba.

"To ladan ɗin da kanshi ba toshe kunne yake ba in zai kira? Shi ma a kai shi gidan marin mana."

"Hamida! Baba na zaure, shina jin ki."

Ruwan safe ya riƙe su har rana ta take. Da sama ta washe, Salim ya ƙi motsawa daga gindin turmi inda yake jera ƙwallayen dabino, sai da Hamida da hannunta ta ajiye masa takalminsa a gaba. Ya zura ƙafa ya miƙe da murnarsa, shi a ganinsa yawo za a. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Su uku a babur, yaron a tsakiya. Sun yi nisa a hanyar Ƙanƙara, masara ta rufe dama da hagu, sai Alhaji ya taɓa kafaɗar ɗansa.

"Tsaya ƙauyen ga mu yi Azahar. Ba mu san abin da za mu iske gaba ba."

Masallacin na laka ne, da randa biyu a ƙofa. Suna sauka wani tsoho ya gama alwala, ya hau wani ɗan tudu ya fuskanci gabas. A gida an saba, amma nan baƙi ne su, yanzu za a taru a kansu. Shamsu ya durƙusa ya cafke hannuwan Salim biyu kamar yadda ya saba.

Tsohon ya ɗaga murya, siririya, tana ɗan rawa. Ƙauyen ba lantarki, masallacin ba lasifika.

Shamsu ya jira ihu. Bai ji ba. Hannuwan da ya riƙe ba su fizga ba. Salim ya karkata kai gefe, bakinsa a ɗan buɗe, yana kallon ƙasa. Ladan ya kai "Hayya alas-salah," sai Shamsu ya ji wata murya daga ƙasan haɓarsa, 'yar ƙarama, a dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, tana bin kiran da irin jan da tsohon ya yi.

Ya saki hannuwan kamar ya taɓa garwashi.

"Baba," ya ce. "Baba, kana ji?"

Alhaji na tsugune da buta, ruwa na zuba a kan takalminsa bai sani ba. Yaron ya bi kiran har ƙarshe, kalma bayan kalma, bai tsallake ko ɗaya ba. Shekara tara Shamsu bai taɓa jin muryar ɗansa ba sai cikin kuka.

Tsohon ya sauko yana murmushi. "Sannunku da hanya. Kai, wanga yaro zai ƙwace mani aiki. Wa ya koya mashi?"

Alhaji ya miƙe a hankali, ya jawo Shamsu gefe.

"Kada ka ruɗu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Makirci ne. Ya san inda za a kai shi, shi ya sa ya lafe."

Shamsu bai taɓa musu da mahaifinsa ba, ko a kan farashin taki.

Suna nan tsaye sai ga mai tallar magani ya shigo ƙauyen a kan keke, da lasifika ɗaure a gaba, tana ɓarin maganin basir da ciwon baya har tana tsuwwa. Nan take Salim ya ƙwalla ihu ya zube cikin taɓo. Irin ihun nan dai, irin birgimar nan, ba abin da ya bambanta da na ƙofar gida.

Shamsu ya ruga ya durƙusa. Yaron ya laluba ya kamo hannuwan ubansa, ya jawo su da ƙarfi ya ɗora a kan kunnuwansa, ya danne da nasa. Shamsu ya riƙe. Yana jin jikin yaron na karkarwa, sannan ya fara lafawa.

"Kai mai basir! Kashe abin ga!" ladan ya daka tsawa. "Ba ka ganin lokacin salla?"

Ƙarar ta ɗauke. Shamsu bai tashi ba. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne azumin bara. Wani ya ba shi shawara, shi kuwa ya bi: kwana bakwai yana ɗaukar Salim ya tsayar da shi daidai ƙarƙashin lasifikar masallaci, ya maƙure masa hannuwa a baya, don aljanin ya ji ya ƙone. Yaron ya yi ta ihu har ya saki fitsari a wando, mutane na cewa alhamdu lillahi, magani na ci.

"Inna lillahi," ya ce. "Inna lillahi. Ni na yi mashi haka."

Ya ɗago ya dubi mahaifinsa. "Baba, aljanin maganin basir ma shina tsoro?"

Bai yi nufin rashin kunya ba, haka maganar ta fito. Alhaji ya dubi mai keken, ya dubi tudun da tsohon ya tsaya, ya dubi jikansa cikin taɓo. Sai ya juya ya shiga masallaci.

Da aka sallame, Shamsu ya tura babur ya juya kansa wajen Sheme. Alhaji ya tsaya da carbi a hannu.

"Malam na jiran mu. Na ba shi magana."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba ni kai shi."

"Mi za ni ce ma mutane?"

"Ka ce masu abin da ka ji da kunnenka."

Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya hau baya.

Kafin ya tayar, Shamsu ya ciro waya ya kira gida. Hamida ta ɗauka, muryarta a toshe.

"Har kun kai?"

"Mun juyo. Ki ɗora ruwa, ya ɓata jikinshi da taɓo." Ya dubi Salim. "Hamida, ya yi kiran salla. Da bakinshi."

"Na sani," ta ce. "Kullum yana yi in an ɗauke wuta, ladan ya kira ba lasifika. Sau nawa na ce ka zo ka ji?"