Babur ɗin Baba Kato

Mika'ilu ya sake taka kik ɗin tayar da babur da iya ƙarfinsa, ƙarfen ya dawo ya make shi a ƙwauri. Ya saki babur ɗin ya shiga tsalle da ƙafa ɗaya a tsakar gidan maƙwabcinsa yana salati.

"Ka buɗe mai kuwa?" in ji Baba Kato daga kujerarsa a gindin gwaiba.

"Na buɗe, Baba."

"To ba dambe aka ce ku yi ba. Lallaɓa shi ake yi. Kusan sa'anka ne, ka ba shi girmansa."

Mika'ilu tela ne, ya ba arba'in baya, kuma duk Tudun Wada an san ƙafarsa ba ta taɓa taka wani inji ba sai keken ɗinki. Ko acaɓa ya hau, rigar ɗan acaɓar yake damƙewa har a sauka. Shi kuwa Baba Kato tsohon malamin asibiti ne, mutumin Wusasa, katangarsu ɗaya da Mika'ilu. A kan wannan jan babur ya zaga ƙauyuka yana allurar rigakafi tun Mika'ilu yana wasan ƙasa. Da ido ya gaza sai ya jingine shi a bayan ɗaki ya rufa masa buhu, kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai.

Farkon damina asibiti suka sallamo tsohon, suka ce ya je gida ya huta, kowa kuma ya gane irin hutun da ake nufi. Ranar da Mika'ilu ya shigo dubiya, Baba ya nuna buhun da sandarsa.

"Na ba ka, kyauta. Amma da hannunka za ka tashe shi, bakanike bai taɓa taɓa shi ba. Kuma sai ka koyi hawa."

"Ni, Baba? Ai ko keke..."

"Saurara." Tsohon ya numfasa. "Duk shekarun nan, in na dawo aiki, a bakin masallacin layinmu nake kashe shi. Lokacin la'asar nake isowa, ban ga dalilin da zan raba mutane da sallarsu ba. Sai in sauka in turo shi gida. Matata marigayiya Miriam ta ce da wannan take gane na dawo. Za ta ji ƙararsa tun daga titi, sai ta ji ɗif, sai ta tashi ta juye mini ruwan wanka mai zafi a bokiti. Ni kullum a kan babur ɗin nake. Ban taɓa jin abin da take ji daga cikin ɗaki ba. So nake in ji, ko sau ɗaya ne, kafin in bi ta."

Wa zai ji wannan ya ce a'a? Mika'ilu ya koma gida ya gaya wa matarsa Hanifa, ita kuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗauko masa tsohuwar riga ta ce kada ya kuskura ya ɓata mata farar shadda da baƙin mai.

Haka suka kama aiki. Kullum bayan azahar yakan ja ƙofar shago ya shigo, Angela 'yar Baba ta fito da tsohon ta zaunar da shi a inuwa. Baba ba ya gani sosai, sai dai a ɗora masa ƙarfe a tafin hannu ya shafa ya faɗi sunansa da inda ya fito. Suka kwance tanki suka zuba masa tsakuwa da kananzir, Mika'ilu ya yi ta girgizawa har tsatsa ta fito ja wur. Suka wanke kabureta a tsohuwar tasa. Gidan zanzaro suka tarar a cikin salansa, bututun hayaƙin nan. Taya da fulogi da wayar birki Mika'ilu ya samo a Sabon Gari, kujerar kuma da kansa ya ɗinke mata sabuwar riga, har da ɗan ado a gefe, don tela ba ya rasa inda zai nuna kansa.

Ranakun sun yi wa Mika'ilu daɗi fiye da yadda ya zata. Sai dai yana lura. Da farko Baba da sandarsa yake fitowa, daga baya sai an riƙo shi, kunun da Hanifa take miƙowa ta kan katanga kuma yana komawa da rabi.

Ranar da kik ya make shi ɗin nan, ya gama tsallensa ya dawo yana ɗingishi. Ya taka a hankali yadda aka ce, sau ɗaya, sau biyu, sannan ya sakar masa nauyi. Babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse, Angela ta fito da ludayi a hannu, Hanifa ta rangaɗa guɗa daga bayan katanga.

Baba ya karkata kunne yana murmushi. "Muryarsa ce. Saura kai."

Nan fa aka zo wurin. A filin firamare Mika'ilu ya yi koyonsa, in an tashi yara. Ya sha ƙasa ba adadi, ya shiga gonar masarar maigadi, ya fito yana ba da haƙuri da ganye a wuya. Hannu ya ƙi sakin kuloci a hankali, ƙafa kuma ta saba da lilon keken ɗinki, sai ta dinga danna giya gaba da baya ba gaira ba dalili. Da yamma ya dawo Hanifa ta gasa masa gwiwa da ruwan zafi tana cewa, "Sannu direba."

Bai gama gogewa ba Angela ta shigo wata safiya ta tsaya a zaure.

"Yaya Mika'ilu, Baba ba ya iya tashi yanzu. In da abin da za a yi, a yi shi."

Da la'asar ya tura babur ɗin har titi, ya hau, ya zagaya ta wajen Gyallesu ya juyo. Ya nufo layinsu. Yana hango masallaci ya nemi makulli da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuwa ya murɗe totur bai sani ba. Babur ya yi kururuwa ya kutsa layin. Masu alwala suka tashi da gudu, butoci suka tarwatse, liman ya maƙale a jikin bango riƙe da takalminsa. Sai tulin yashin wani mai gini ne ya tsayar da shi, daidai ƙofar gidan Baba.

Ya shiga ɗakin da yashi har a gemu, ya tarar da tsohon yana dariyar da ta koma tari.

"Wannan kam ba shi Miriam take ji ba. Da haka nake dawowa, da tuni ta koma gidan ubanta. Ka ji ciwo?"

"A'a, Baba. Kunya dai."

"Kunya ba ta karya ƙashi. Ka fara sakin mai tun daga wajen mai kifi, ka sauko da giya, ka tsaya cak, sannan ka nemi makulli. Gobe in Allah ya kai mu."

Wannan kalma ta gobe ta tsaya wa Mika'ilu a ƙirji. Ya je ya ba liman haƙuri, ya sayi buta biyu ya mayar, ya kuma gaya musu dalilin abin. Liman ya ce shi yana yaro ya sha ganin Malam Kato yana turo babur ɗin nan, bai taɓa sanin don su ake yi ba.

Washegari an ɗan yi yayyafi, ƙasa ta lafa. Mika'ilu ya juyo daga titi, ya saki mai a wajen mai kifi, ya sauko da giya, ya tsaya cak a bakin masallaci. Ya murɗa makulli. Ɗif. An idar da salla, mutane na zaune a dakali. Ya sauka ya fara turawa, sarƙa na 'yar ƙara. Mai shagon kusa da masallaci ya yi masa barka, wani ya tare shi da maganar ɗinkinsa, ya tsaya ya amsa, ya gaisa da wannan ya gaisa da wancan, sannan ya ƙarasa.

Baba na kwance ido a rufe, an buɗe masa taga. Angela na zaune a bakin gado tana share hawaye da gefen zane.

"Ka ji, Baba?"

"Na ji." Murmushi ne a fuskarsa. "Ashe haka yake. Daɗi gare shi, Mika'ilu. Zuciya sai ta yi tsalle." Ya ɗan huta. "Amma me ya tsayar da kai?"

"Gaisawa na yi da mutane."

"Nima haka nake yi. Wani lokaci har in zauna a dakali." Ya girgiza kai a hankali, yana 'yar dariya. "Ashe daga masallaci zuwa ƙofar nan da nisa, in kai ne a ciki. Ruwan nan kullum da ɗumi-ɗumi nake samunsa, ina cewa rowar itace take yi. Baiwar Allah, ba ta taɓa faɗa ba."

Bai ƙara kwanaki da yawa ba. Da hantsi ya cika, Angela na riƙe da hannunsa, ta ce kamar mai barci. Mutanen layin suka cika mota har da liman aka raka shi Wusasa, inda aka kwantar da shi kusa da matarsa. Mika'ilu a kan jan babur ya bi su a baya, a hankali, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ya yi kuka a can, bai kuma ji kunyar kowa ba.

Bayan an share makoki ya koma shago. Ranar farko da ya taso da la'asar, ya tsaya a bakin masallaci ya kashe babur ya sauka.

"Malam Tela, zo ka zauna mana, ga rake," in ji mai shagon nan.

"Ina zuwa," ya ce, ya ɗaga musu hannu bai tsaya ba.

Ya wuce ƙofar Baba, inda gwaiba ta leƙo ta kan katanga. Yana cusa kan babur ɗin a zaurensa ya jiyo Hanifa a tsakar gida tana juye ruwa a bokiti, tururi na tashi.