Budurwa Mai Jikoki

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kalankuwa a Unguwar Tsamiya, can gefen Tsanyawa, ya san budurwar garin ita ce Inna Bilki. Shekarunta sun haura hamsin da biyar, jikokinta sun cika tsakar gida, amma bayan girbi, in aka buga kalangu a dandali aka ce budurwa ta fito, ita ce ke fitowa. Saurayinta kuwa Ɗan Iya ne, mai sayar da taki a kasuwar Tsanyawa, wanda ya ma girme ta. Shi dai ba ya yarda da furfura a ranar biki. Sai ya lafta wa gemunsa baƙin rini, in zufa ta karyo ya tsiyayo masa har wuyan riga.

Rawar zance ake ce wa abin da suke yi. Saurayi ya zo yana taƙama da akayau a ƙafa, budurwa ta noƙe, ta rufe fuska da gefen mayafi, ta leƙo da ido ɗaya, ta gudu, ya bi ta. A ƙarshe ta durƙusa ta miƙa masa ƙwaryar ruwa, sannan ta miƙe tsaye cak tana juyi. Wannan miƙewar ita ce rawar gaba ɗaya, ita ake jira a yi guɗa. Bilki kuwa ta iya ta. In ta leƙo da idon nan mai kwalli, har dattawan da ke kan tabarma sai sun gyara zama.

Bara ne gwiwa ta tona mata asiri. Ta durƙusa lafiya lau, ta miƙa ƙwarya, da ta zo tashi ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Mai kalangu ya yi ta maimaita kiɗan, ita kuwa tana nan a ƙasa tana murmushin dole. Ɗan Iya ya gane, ya sunkuya ya kamo hannunta ya ɗago ta, shi ma ƙugunsa yana ƙara. Dandali ya ɓarke da ihu. Matasa suka ɗauka da waya suna cewa tsofaffi sun fito da sabon salon soyayya. Bilki ta koma gida ta yi sati tana shafa man zafi, kuma ta yi kuka, don ta san ba salo ba ne.

Ba gwiwar ce ta fi damun ta ba. Tsoronta shi ne ranar da ta kasa, rawar ta mutu ke nan, don kaf garin babu mace ɗaya da ta koya. Saboda haka da dawa ta fara fitar da kai, ta ɗauki mayafinta ta shiga gida-gida neman magajiya.

Ta fara da gidan Malam Uwais, mai 'yan mata har uku. Ya karɓe ta da fara'a a zaure, ya ce ai shi duk shekara yana sahun gaba, babu abin da yake so kamar rawar nan.

"To Malam, a ba ni Sadiya in koya mata."

Fara'ar ta ɗauke. "Haba Inna! Sadiya fa budurwa ce."

"Ai budurwar nake nema."

"Ta tsaya gaban maza tana kashe ido? Ga waya a hannun kowa, a ɗauke ta a watsa wa duniya? Wa zai aure ta? Ke ai babba ce, Inna, babu mai zargin ki da komai."

A gidan Huseina mai ƙosai ma haka aka yi. Huseinar da ta fi kowa rangaɗa guɗa a dandali ita ce ta dafe ƙirji ta ce Allah ya kiyaye, 'yarta ba ta lalace ba. Da ta ga fuskar Bilki ta canja, sai ta ƙara da cewa ba da ita take ba.

Bilki ta dawo gida tana tafasa. Duk wanda ta tarar a hanya sai ya sha labari. Mutanen banza, in ji ta, masu son kallo da 'yar wani. Kowa yana son ya ga budurwa tana rangwaɗa, amma a samo ta daga gidan maƙwabci, in ba a samu ba a ɗauko tsohuwa mai ciwon gwiwa a ɗaura mata jigida. Ta rantse in da tana da 'ya a gabanta, da ta nuna musu yadda ake zuciya.

Ta manta, ko kuma ta ga dama ta manta, cewa tana da jika a gabanta. Firdausi 'yar babban ɗanta ce, a hannunta ta tashi tun yaye, ta gama sakandare, kuma iyayen wani yaro mai suna Zaharaddini sun riga sun kawo gaisuwa. Tun tana ƙarama take kallon kakarta tana gwajin rawa a tsakar gida.

Wata rana da la'asar Ɗan Iya ya zo don su yi gwaji. Bilki tana zaune kan turmi ta miƙe ƙafa tana ba shi labarin munafuncin garin, Firdausi kuma tana ɓarar gyaɗa a gefe.

"Tsohuwa, kin cika mita," in ji Firdausi. "Abin nan da kike ta yi wa kuka, ai ba wani abu ba ne."

"Ji 'yar nema! Tashi ki yi mu gani."

Yarinyar ta karkaɗe zaninta. Ɗan Iya ya kifa kwano yana kaɗa mata da yatsu. Ta ja mayafi, ta noƙe, ta leƙo da ido ɗaya. Ta gudu ta kewaya rumbu, ta dawo, ta durƙusa da murfin tukunya a maimakon ƙwarya, sannan ta miƙe kamar an zare ta daga ƙasa, ta yi juyi sau da yawa, ko numfashinta bai canja ba.

Ɗan Iya ya saki kwanon. "Allahu akbar! Bilki, kina ta yawo a gari, ashe abin yana ɗakinki. Shi ke nan, mun huta. Ni ma in ba ɗana akayau, in bar gemuna ya sha iska. Yaro da yarinya, yadda ya kamata tun farko."

Bilki ta bi jikarta da kallo. Tun da take ba ta taɓa ganin rawar ta yi kyau haka ba, daɗi ya kama ta har idonta ya ciko. Sai kuma ta hango abin a dandali: Firdausi tana leƙen ɗan Ɗan Iya da idon nan, ga wayoyi a sama, ga Huseina tana raɗa, ga kawun Zaharaddini a kan tabarma yana kallo. A fuskar Bilki wannan kallon wasa ne, kowa ya sani. A fuskar yarinyar kuwa babu wanda zai yarda wasa ne.

"Ba za ta yi ba," in ji Bilki.

"Me kika ce?" in ji Ɗan Iya.

"Na ce ba za ta yi ba. Yarinya ce, an kawo gaisuwarta."

Ɗan Iya ya dube ta. "To ai abin da Malam Uwais ya faɗa ke nan."

"Malam Uwais daban, ni daban," in ji Bilki, ta kau da kai, don ita ma ta kasa gano bambancin.

Ranar kalankuwa da hantsi, Firdausi ce ta shirya ta. Ta naɗe mata gwiwar da tsumma tamau, ta saukar da zani ya rufe, ta ɗaura mata jigida, ta cusa furfurar ƙarƙashin ɗankwali. Ba ta yi tsokana ba ko sau ɗaya, wannan shirun kuwa ya fi zagi ciwo a wurin Bilki. Daga dandali ana jiyo kalangu, an fara kiran budurwa.

Tana zizara mata kwalli ne ta yi magana. "Inna, ke kina da shekara nawa kika fara?"

"Bayan rasuwar kakanki. Na aurar da babanki, na aurar da gwaggonki. Da ina kamarki babana ko dandalin bai bari na leƙa ba."

"To ni yaushe zan yi?"

Bilki ta dubi yarinyar, ƙafafu lafiyayyu, wuya a miƙe, duk abin da rawar take bukata yana nan tsaye a gabanta yana riƙe da tandun kwalli. Tausayi ya kama ta, na yarinyar da na kanta.

"Ki dai riƙe ta a ranki kada ki manta," in ji ta. "In kin aurar da 'ya'yanki, gwiwarki ta fara ciwo, babu mai hana ki."

Ta dafa kafaɗar Firdausi ta yunƙura, sai a karo na biyu ta iya miƙewa. A bakin ƙofa ta saki kafaɗar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fita tana ɗingishi kaɗan-kaɗan yadda zai yi kama da yanga.