Layi na Uku a Takardar Otal

Kai ne, Auta. Kar ka ɗora wa matarka, kar ka ɗora wa masu otal. Kai ka bar ni a bayan gilashi kamar wadda ta zo kallon kaya a kanti, jikana yana kuka a ciki, ba ni da ikon ɗaukarsa. Maƙwabciyata ce ke rubuta min wannan, na kuma ce mata ko kalma ɗaya kar ta sassauta.

Bari in tuna maka daga farko, tunda kai mantuwa ba ta yi maka wuya. Kun zo gidana kai da matarka, kuka ce an yi hutu, za ku kai yara babban birni kwana huɗu, in zo ni ma in sha iska. Ka zauna kusa da ni, ka miƙo min waya, ka ce, "Inna, zaɓa mana masauki, guda biyu ne." Ɗaya gida ne a ƙasa, ɗaki biyu da falo da kicin, da ɗan fili a baya har da igiyar shanya. Ɗayan dogon bene ne mai ƙyalli, da wurin iyo, da ɗakin wasan yara cike da ƙwallaye kala-kala.

Na ce na ƙasan. Na ce ƙaramin naka, Maigidana, shekararsa biyu, yanzu ya gano daɗin gudu, bene ba nasa ba ne. Na ce yayarsa, Ƙawata, ba ta cin abincin da ba ta ga an dafa ba. Gwiwata ko ambatonta ban yi ba. Matarka ta yi dariya ta ce, "Inna, in girki da shanya za mu je yi, ai gara mu yi zamanmu a gida." Ban ga laifinta ba, ita ma ta gaji. Kuka kama benen.

Da muka isa aka ba kowa kati maimakon makulli. Ku hawa na bakwai, ni na biyu. Ba wanda ya gaya min lif ɗin, akwatin nan mai hawa da mutane sama, ba ya kai mutum sai hawan da katinsa ya sani. Da safe na shiga, na danna inda na ga ka danna, ya ƙi motsi. Na tsaya a ciki ina kallon kaina a madubi har wani baƙo ya shigo ya yi ƙasa da ni. Na lallaba na koma ɗaki. Gado fari fat, ina tsoron zama a kai. Tagar ba ta buɗuwa, abin da ke bayanta bango ne da injina suna gurnani. Nan nake zama a kujera, kunnena a ƙofa, har sai kun ga damar saukowa.

Rana ta farko na bi ku gidan namun daji, kuna tafe kuna waiwaye kuna jirana. Ta biyu ka ce in huta. Ta uku ko ƙwanƙwasawar ba a yi ba.

Da shirun ya ishe ni na sauka ƙasa don in ga mutane kawai. Ina zaune kusa da masu karɓar baƙi sai na ji kuka daga wani lungu. Ko cikin yara ɗari na san kukan Maigidana, yana jansa ne ya shiɗe, sannan ya sake. Na bi sautin har ɗakin wasan nan na cikin waya. Bangon gilashi ne. Ga shi tsaye a tsakiyar ƙwallaye, an ɗaura masa wata roba a hannu. Ashe kun ajiye shi kun tafi da yayarsa wurin lilo. Yana hango ni ya taho da gudu ya bugi gilashin.

Na tura ƙofa, a kulle. Mai kula da yaran ta leƙo, riga ruwan ɗorawa, fuskarta da fara'a.

"Sannu Mama, wa kike nema?"

"Wancan mai majinar. Ni na haifi ubansa."

"Allah sarki. Bari in duba." Ta ɗauko takarda ta bi ta da yatsa. "Mama, ba kya ciki."

"Wa ya ce miki ina cikin takarda? Ga ni a gabanki."

"Ko ke ce mai rainonsa?"

"Uban ma ni na raine shi, ba a ba ni takarda ba."

Ta yi murmushi, amma ba ta matsa ba. Ta ce ba a ba da yaro, ba a kuma shigar da babba, sai wanda iyaye suka rubuta. Ta kira wayarka sau uku ba ka ɗauka ba. Ta matarka a kashe. Aka kira manaja, wani mai kwat da ƙamshin turare, ya rusuna ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, doka ce, saboda masu satar yara." Na ce, "Ɗan nan, dubi gwiwar nan da kyau. Da ita zan saci yaro in tsere maka?" Ya sa aka kawo min kujera.

Tun kafin azahar nake wurin har la'asar ta wuce. Yaron nan ya manna fuskarsa a gilashi, yana ɗaga hannu biyu yadda yake yi in yana son ɗauka. Ina ganin bakinsa yana cewa Kaka. Mai rigar ta ɗauke shi, ya zame ya dawo. Ta ba shi biskit ya jefar. Na ɗora tafina saitin nasa, na yi masa waƙar da nake masa a gida, ban san ko yana ji ba. Na so in tashi in ɓuya ko zai manta, ƙafar ta ƙi. Can ya daina ɗaga hannun. Ya zauna a ƙasa yana kallona, ba kuka ba komai, har barci ya kwashe shi a jikin gilashin.

Wata mai goge-goge, mace mai ɗan shekaru, ta wuce ni sau biyu da bokiti. A na uku ta kawo min shayi a kofin roba, ta tsuguna ta ce, "Inna, su ma ba sa jin daɗi, aikinsu suke tsoro." Na ce ni dai a karanta min abin da ke cikin takardar. Ta roƙo ta daga wurin mai rigar.

"Layi uku ne," in ji ta. "Na farko uba. Na biyu uwa."

"Na ukun an bar shi fili?"

Sai ta karanto sunan ƙanwar matarka. Wadda garinsu tafiyar wuni guda ce daga nan. Wadda sau biyu ta taɓa ganin yaron tunda aka haife shi.

Na ce ta kawo in gani. Ba na karatu, amma na san hannunka, rubutun nan mai jingina baya kamar zai faɗi. Shekara nawa littattafanka na firamare suka yi a cikin akwatina?

Kuka dawo da balan-balan da ledoji. Abin da ka fara ce min shi ne, "Haba Inna, ai da kin yi zamanki a ɗaki kin huta." Aka buɗe ƙofa, aka yanke robar hannunsa. Na miƙa masa hannu, ya kauce ya cusa kansa a zanen uwarsa.

Yau sati uku ke nan. Sau biyu kuna kawo shi gidana, bai yarda na taɓa shi ba. Yaron da ba ya barcin rana sai a bayana. Na ce, "Maigida, sakina ka yi?" Yayarsa ta yi dariya, shi ya ɓuya bayan ƙofa. Shi bai san wata takarda ba. Abin da ya sani, ya kira ni wuni guda, ina zaune a kujera ina kallonsa, ban ɗauke shi ba.

Ba na son atamfar da ka aiko, tana nan a ledarta. Ka zo da ƙafarka, ka zo da shi. Ka zauna ka gaya min abin da ya zo ranka lokacin da bironka ya kai layi na uku, alhali ina cikin ginin nan zaune ina jiran a ƙwanƙwasa min ƙofa. In ka gama da ni, ka juya ka yi wa ɗanka bayani da bakin da zai gane. Ina jiranka, Auta, kuma ba ta waya ba.