Labulen Gidan Khala Sarwat

Sana'ar Nuzhat Baig ita ce ta shiga gidan da ba nata ba, ta tsaya bakin ƙofa ta ƙare masa kallo, sannan ta ce a janye wancan, a matso da wannan. Masu hali a Lahore sun san lambarta. Wasu kan neme ta idan za su aurar da 'ya suna so falo ya burge surukai, wasu kuma idan za a ɗauki hoton gida a sa shi a kasuwa. Ta haura arba'in. Aurenta ya mutu da daɗewa ba haihuwa, iyayenta sun rasu, ƙaninta guda yana Dubai, sai sallah-sallah yake kira. Gidan da take haya a Johar Town rabinsa rumbun kayan aiki ne. Yawanci a tsaye take cin abinci a kicin, don kujerun falon na masu ba ta aiki ne, suna naɗe cikin leda.

Ana tsakiyar mangwaro wata mata mai suna Ambreen ta kira ta daga Toronto. Gidan mahaifiyarta ne a Model Town take so a gyara: a yi fenti, a rage tarkace, a sa haske ya shigo, in an gama a ɗauki hoto. Sai da za su yi sallama ta faɗi sauran. Sayar da gidan za a yi, tsohuwar ta koma Kanada wurinta. Amma ta roƙi Nuzhat kada ta bari Ammi, wato mahaifiyar tata, ta ji, ita a saninta kwaskwarima ce kawai. Nuzhat ta ce to. Ta saba riƙe sirrin gidajen mutane.

Mahaifiyar, wadda ake kira Khala Sarwat, wato Inna Sarwat, 'yar ƙaramar tsohuwa ce, malamar makaranta mai ritaya, mijinta ya rasu, ita kaɗai a gida mai bene. Ta buɗe ƙofa, ta dubi Nuzhat daga sama har ƙasa ta saman tabarau.

"Ke ce aka turo ki koya mini zama a gidana?"

"A'a, Khala, labule kawai na zo aunawa."

"Haka ɓarayi ma ke cewa. Shigo, ki cire takalmi."

Gidan duhu ne da rana tsaka. Labulen masu kauri ne, launin ƙasa, kujerun katako kowacce da farin ƙyalle a kafaɗa, bango kuma cike da hotunan dangi, rayayyu da matattu a haɗe. Amma idon Nuzhat ya ga abin da ke ɓoye. Rufin na da tsawo, tagar yamma na da faɗi, kuma da ta ɗaga gefen kafet sai ga tsohon daɓe mai ɗigo-ɗigon dutse wanda ba a ƙara yin irinsa.

Aikin farko ya tafi da sauri. Masu fenti suka zo suka gama, aka naɗe kafet, aka wanke daɓe ya fito yana sheƙi. Khala ba ta hana komai ba, sai dai ta bi ma'aikata tana gyara musu magana kamar 'yan aji. A kan labule aka tsaya.

Duk ƙyallen da Nuzhat ta kawo daga kasuwar Ichhra, Khala sai ta kai shi taga, ta murza, ta sami abin cewa. Fari ya yi kama da asibiti. Mai furanni na amare ne, ita kuwa ta wuce nan. Rawaya zai sa duk baƙon da ya zauna a ce shawara yake yi. Idan ta gama kushe sai ta ce ai rana ta yi, ba a fita daga gidanta da yunwa. Ta ɗora kasko ta gasa gurasar roti, ta zubo miyar waken dal da ɗan yajin mangwaron da ta jiƙa da hannunta. Su zauna a teburi, kowacce da farantinta.

Nuzhat ba ta lura da ranar da ta fara tsara zuwanta daf da azahar ba. Sai ta ga tana ɗage wasu ayyukan zuwa yamma. Idan aka ɗauke wuta sukan koma baranda da mafici, Khala tana ba ta labarin ɗalibanta, wanda ya zama alƙali da wanda ya zama ɗan daba, da yadda marigayi mijinta ya shekara yana gyaran rediyo ɗaya bai taɓa yin magana ba. Wata rana barci ya ɗauke Nuzhat a kan doguwar kujera. Ta farka la'asar sakaliya ta tarar an lulluɓe mata ƙafa da mayafi, an kuma juya wayarta fuska ƙasa don kada ta tashe ta. Ta daɗe a kwance ba ta motsa ba, tana jin ƙarar cokali a kofin shayi daga kicin.

Gaskiyar magana, tun makon farko ta san labulen da ya dace da falon: yadin auduga mara ado, launin madarar da aka ɗiga wa shayi. Yana nan cikin motarta a ninke. Sai ta riƙa shigo da waɗanda ta san ba za su karɓu ba. Ambreen na turo saƙo, ita kuma tana amsawa da cewa Khala ba ta zaɓa ba tukuna, wanda ba ƙarya ba ne.

Damina ta wuce, hayaƙin hunturu ya fara rufe gari. Haƙurin Ambreen ya ƙare. Ta ce ta sayi tikiti, ta kuma yi magana da mai hoto, labule ko wane iri ne a rataya.

Ranar Nuzhat ta shigo da yadin audugar a ɗinke, ta hau tsani ta rataya da kanta. Hasken yamma ya ratso shi ya kwanta a kan daɓen, falon ya zama kamar an ƙara masa faɗi. Khala na zaune tana kallo, karo na farko ba ta kushe ba. Saura bangon hotuna. Nuzhat ta tsaya gabansa tana neman yadda za ta fara.

"Sauke su, 'yata," in ji Khala. "Mai sayen gida ba ya son ganin matattun wasu."

Nuzhat ta juyo ta dube ta. Khala ta ce tun ranar da Ambreen ta tambaye ta inda takardun gida suke ta gane. Wadda ta ƙare rayuwarta tana kama yara da satar amsa, ba 'yar cikinta ce za ta yi mata wayo ba.

"Ke ma ba ki iya ba," ta ƙara. "Wancan koren mai kama da ganyen kabeji, kin manta kin taɓa kawo shi, kika sake kawowa."

Suka yi dariya, dariyar da ba ta yi nisa ba. Nuzhat ta riƙa sauke hotunan tana miƙa mata, ita tana gogewa da gefen mayafi tana faɗin sunan kowa.

Da Ambreen ta iso, Nuzhat ta yi abin da ba ta taɓa yi a gidan aiki ba. Ta same ta a baranda ta ce akwai ɗaki a sama babu kowa, ita za ta iya kama shi haya, ta zauna da Khala, ba sai an sayar ba. Ambreen ba muguwa ba ce. Ta saurara har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce bara Ammi ta zame a banɗaki ta kwana a ƙasa, ita tana can wata duniya tana buga waya ba a ɗauka. Ba za ta iya sake rayuwa irin wannan ba. Ta yi godiya sosai, tana kiranta Baji, wato Yaya, ta ce ta yi abin da ya wuce aikinta, za ta kuma ba ƙawayenta lambarta.

Khala ta ji su daga ciki. Da Nuzhat ta zo tafiya ta raka ta har mota, abin da ba ta saba ba, ta dafa mata hannu.

"Na ji abin da kika ce. Allah ya saka miki. Amma ita na haifa, dole in bi ta."

Hotunan suka yi kyau ƙwarai. Gidan bai daɗe a kasuwa ba, kuma dalilinsa aiki ya ƙaru wa Nuzhat har tana mayar da wasu. Ranar tafiyar Khala ba ta je filin jirgi ba, ta ce tana da aiki a Gulberg, kuma da gaske tana da shi. Da azahar takan sayi wani abu a hanya ta ci cikin mota.

Bazara ta kusa, wata ranar bayan magariba tana shagon fitilu tana jiran wata mai sabon gida, sai waya ta yi ƙara. Fuskar Khala ce ta cika gilashin, ta matso da ita kusa har tabarau kaɗai ake gani. Can safiya ce. Ta ce Ambreen da mijinta sun fita aiki, yara sun tafi makaranta. Ta juya wayar ta nuna ɗakinta: farin bango, gado, kujera guda a lungu, taga ƙarama mai kallon dusar ƙanƙara.

"To malama, ga aiki. Ɗakin nan ya ƙi ni. Me ya rasa?"

Nuzhat ta koma gefe, ta toshe ɗayan kunnenta. Ta sa ta zagaya da wayar a hankali. Ta ce a kashe fitilar rufi a kunna ta gefen gado, a shimfiɗa jan mayafinta a ƙarshen katifa. Khala ta yi, tana mita. Sai kujerar: a jawo ta kusa da taga, ta ɗan karkata, yadda mai zama zai ga waje ya kuma ga ƙofa.

Khala ta jingina wayar, ta kama hannun kujerar ta ja. Nuzhat na ganin bayanta kawai. Ta sake ja, kujerar ba ta gusa ba. Ta dawo ta zauna bakin gado tana haki.

"Ta fi ƙarfina. Sai sun dawo da yamma, in na tuna."

"Kada ki sake gwadawa ke kaɗai, Khala."

"Na ji, uwata."

Suka kalli juna. Khala ta tambaya ko ta ci abinci, ta ce ta ci. Ta gilashin shagon Nuzhat ta hango motar matar da take jira tana neman wurin tsayawa. Ta ce za ta kira ranar Lahadi. Khala ta ce Lahadi suna kai ta wani wuri, ba ta san ina ba, amma ta gwada.

Matar ta shigo tana ba da haƙurin cunkoso, ta ce ita fa fitila mai ƙyalli take so, irin wadda baƙo zai ɗaga kai ya kalla. Nuzhat ta sa wayar a jaka, ta ce su fara daga layin baya.