Rabin Gashin Rufus

"Ba haka ba, Sugden. Kaza kake figewa?" in ji Wilf daga kan gado.

Tun da ƙafafunsa suka kasa hawa bene aka sauko masa da gadon falo. Ni kuwa ina durƙushe gaban karensa Rufus, ƙato mai gemu, irin na kwarin Aire ɗin nan namu. Gashinsu kamar waya yake, ba a sa masa injin aski. Da yatsu ake cire mataccen, kaɗan-kaɗan. Yatsun Wilf sun daina aiki.

Masaƙa ɗaya muka yi wa aiki a garin Keighley, gidajenmu a manne, amma ba mu taɓa shiri ba. Karen nan ya sha tone mini albasa.

Rufus ya yi gurnani. Na daka masa tsawa.

"Yi ta ihu," Wilf ya ce. "Matarka ma ba ta ji ba, balle shi. Sau ɗaya ake gaya masa, a hankali, sai ka jira ya yi shawara."

"Kare ne ko alƙali?"

"Ya dai fi ka hankali." Tari ya sarƙe shi.

'Yarsa Glenda ta tare ni a kicin. "Baba Sugden, Rufus ya taɓa cizon baƙo, babu mai karɓarsa. Gidana ba fili, ga yara. In Baba ya tafi, likitan dabbobi zai yi masa allurar mutuwa."

Gwiwata ta lalace, karen kuma sai an zaga da shi bakin kogi safe da yamma.

Ran Talata da hantsi Wilf ya cika. Gefe ɗaya na karen kawai muka gama.

Bayan an binne Wilf, Glenda ta fito riƙe da igiyar Rufus, motarta a kunne, za ta kai shi wurin likita.

"Ba ni," na ce. "Ba a kai kare ko'ina da rabin gashi."

"Yaushe za ka gama?"

"Kafin in gama wannan gefen, wancan ya tsiro."

Ta daɗe tana kallon sandar da nake dogarawa, sannan ta miƙo igiyar.

Yanzu yana wurina. Ba ya cin abincin kirki. Da yamma ina figar gashin a filin bayan gidana, yana tsaye shiru, bai taɓa waiwayo ni ba. Hancinsa na jikin shinge, iska tana kwashe gashin zuwa farfajiyar Wilf, inda ciyawa ta fara tsawo.