Shingen Kalimbo a Kan Tudun Yabawa

A wani kwari gabas da Gure, Yabawa tana da lambun da ta gada wurin mahaifinta: dabino, rogo, albasa, da rijiya marar zurfi. Tudun rairayi ne ya sa ta gaba. Kowane rani sai ya gangaro ya haɗiye mata kunya ɗaya ko biyu, har ta fara kwasar yashi da ƙwarya tana zaginsa kamar mai kunne.

Wata ranar kasuwa ta ji Malam Idirisa, ma'aikacin gandun daji, yana bayani a gindin bishiyar bedi. Gwamnati za ta kawo dashen itatuwa da irin ciyawa da mota, ta kuma ɗauki rabin abincin ma'aikata. Masu lambu su kawo hannuwansu, su saro rassan kalimbo daga daji a kafa shinge a kan tudun. Sharaɗi guda: ba dabbar da za ta hau wurin sai ciyawa ta kama.

Yabawa ta dawo gida tana murna, amma ta san inda gizo ke saƙa. Ƙanenta Aisami makiyayi ne, kuma ta kan tudun nan awakinsa ke bi zuwa ruwa.

"Yaya," in ji shi, "yashi ake ɗaurewa? Gobe kuma sai a ce a ɗaure iska."

"Ni dai awakinka nake so ka ɗaure," ta ce.

Ya kaɗa rawani ya tafi, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Aka fara aiki ba shi. Mata da maza na kwarin suka saro kalimbo suka tara, motar gwamnati ta ɗauko. Tana isowa gindin tudu ta nutse har ciki. Aka tura, aka haƙa, direba ya yi ta gumi, mota ta ce ba inda za ta. Malam Idirisa ya cire hula yana sosa ƙeya, ya dubi Yabawa.

"Inna, namu rabin ya tsaya nan. Ban san yadda za mu hau da kayan ba."

Yabawa ta nufi motar. Ta ɗauki dami guda ta aza a ka, ta fara hawa, ƙafa na zamewa. Aisami yana can nesa yana kallo. Da ya ga yayarsa mai furfura ta durƙusa a tsakiyar tudu ta sake miƙewa, sai ya ɓace. Can sai ga shi da raƙumansa, yana ɓata rai.

"Ba don gwamnati na zo ba," ya ce. "Kada a ce ina raye kina dakon itace."

Mata suka rangaɗa guɗa. Raƙuma suka yi ta hawa da sauka, aka kafa shinge layi-layi, wani ya gitta wani, har tudun ya zama kamar gidan dara. Da ruwan fari ya sauka aka dasa itatuwan kandili da akwara a kowane gida, aka watsa irin ciyawa. Aisami ya juya da awakinsa ta bayan kwari, yana gunaguni kullum.

Damina ta biyu, Yabawa ta fito da safe ta tarar da tudun ya yi kore. Ta hau a hankali, ta tsuguna, ta cusa yatsa cikin ƙasa. Yashin bai gudu ba, saiwa ta riƙe shi. Ta yi ta dariya ita kaɗai har hawaye suka zubo.

Da kaka Malam Idirisa ya ba da izinin yankar ciyawa. Aisami ya cika rumfarsa da busasshiyar ciyawa, awakinsa suka ƙetare rani ba wadda ta rame. Daga nan ya zama sarkin tsaron tudu, ba wanda ya naɗa shi. Akuyar wani ta ɗora ƙafa, za a ji muryarsa har rijiya.

Mutanen ƙauyen Gidigir, da su ma yashi ya dame su, suka zo da amalanke su gani da idonsu. Aisami ya shige gaba yana nuna musu yadda ake kafa shinge ta fuskar iska, kai ka ce shi ya kawo dabarar. Yabawa ta ƙyale shi. Ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar dabino, ta dafa rogo, ta daka yaji, suka ci suna ta tambayarta ta ina za su fara.