Bisimilla a Kan Kowane Shafi

"Ba wannan ba, Habsa. Waccan ta ƙarƙashin gado."

Habsa ta durƙusa ta jawo tsohuwar jakar fata. A ƙofar gida motar da aka ɗauko shata tana ta ƙugi, direba na danna ham kamar ya zo ɗaukar amarya. Malam Ladan yana kwance, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Likita ya ce a mai da shi gida Djougou, kowa kuwa ya san abin da wannan magana take nufi.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da shagon ɗinkin Habsa a Zongon Parakou. Shekara shida tana zuwa ajinsa na manya a zauren unguwa, bayan la'asar, inda yake koya wa teloli da direbobi da 'yan goro yadda ake rubuta labari. Da suna dai ajin ƙirƙira ne. Amma kwamitin juyin juya hali ne ke aiko da abin da za a ƙirƙira: yau noman auduga, gobe godiya ga jam'iyya. Abokin aikinsa Yahouza ya taɓa barin wani ɗalibi ya rubuta abin da ya gani a layin sayen shinkafa. Wata Laraba aka zo aka tafi da Yahouza, har yau matarsa tana tambayar inda yake.

Tun daga nan Ladan ya koma rubuta nasa littafin da ajami, Hausa zalla cikin baƙaƙen Larabci, ya kuma ɗora bisimilla a kan kowane shafi. Sau biyu 'yan kwamiti suka bincike ɗakinsa. Ɗayansu ya ɗaga shafi ya juya shi kai ƙasa, ya ce, "Kamarad, har yanzu kana cikin harkar layu?" Ya ajiye da sauri ya goge hannu a wando. Ladan ya yi dariya ranar har da hawaye. Habsa kaɗai ta san abin da ke ciki, don mahaifinta ya koya mata ajami tun a Maraɗi. Labarin mahaifiyar Ladan ne, matar da ta bi ayarin goro da goyo a baya, sai kuma labarin Yahouza a ƙarshe. Shafi ɗari uku da 'yan kai, kwafi ɗaya tak a duniya.

"Ki riƙe ta," in ji Ladan, muryarsa can ƙasa. "In an samu sarari wata rana, ki juya littafin zuwa boko."

Sai ga Idrisu, wansa, ya ɗaga labule.

"Mece ce wannan?"

"Takardun Malam ne, Alhaji."

Ya buɗe, ya ga bisimilla, ya rufe da hannu biyu. "A'a. Wannan ba abin ajiyewa ba ne a shagon ɗinki cikin tsummoki. Inda mai su ya je, nan za su je."

Ladan ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Habsa ma ta buɗe nata. Amma maƙwabta sun cika bakin ƙofa, a cikinsu har da wanda kowa ya san duk abin da ya ji da safe, kwamiti zai ji kafin azahar. Ta haɗiye maganar. Da aka ciccibi Ladan za a fita, ya kama bakin gyalenta.

"Ki zo Djougou," ya ce.

Ta yi niyyar zuwa. Ɗinkin salla ya riƙe ta, ta ce sai mako mai zuwa. Kwana tara bayan haka wani direba ya tsaya a ƙofar shago, ko injin bai kashe ba, ya ce an yi jana'izar Malam jiya.

Ranar sadakar uku ta isa Djougou, ƙafafunta sun kumbura saboda matsin taksi. Tsohon gida ne, a bayan masallaci. Aka kai ta wurin Tani, yayar marigayin, tsohuwa mai fara'a wadda ta yi jinyarsa. Suka gaisa, suka yi addu'a, aka kawo fura. Habsa ta daure har mata suka ragu.

"Inna, akwai wata jaka ta fata da Malam ya zo da ita."

Fuskar Tani ta washe. "Ɗiyata, kwantar da hankalinki, na yi masa abin da ya kamata. Sunan Allah ne a kowane shafi, ga yara na shige da fice, ga awaki. In bari a taka? Jiya na yi alwala na ƙona su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ban bar iska ta ɗauka ba." Ta miƙa hannu ƙarƙashin tabarma ta zaro wani ƙunshi a leda. "Na Faransancin dai na adana, ko gwamnati za ta nema."

Habsa ta duba. Takardun kwamiti ne, masu hatimi.

Habsa ta ji haushin Idrisu da tsoron Allahnsa. Ta ji haushin Ladan da wayonsa, wanda ya ɓoye littafi har ya ɓoye shi ga 'yan ɗakinsu. Ta ji haushin kanta fiye da kowa, ita da ta tsaya ɗinka wa mutane rigunan salla. Tsohuwar nan ce kawai ta rasa ta inda za ta ji haushinta.

"Kafin ya cika yana ta nuna jakar," in ji Tani, "yana cewa Inna, Inna. Haka muke kiran mahaifiyarmu. Sai na ce wataƙila addu'o'i ne ya tara mata. Ni ban yi karatu ba. Ke da kika zauna gabansa, gaya mini, nata ne?"

Habsa ta dubi idanun tsohuwar, jajaye saboda kuka da hayaƙi.

"Nata ne, Inna."

"Alhamdulillahi," in ji Tani, ta shafa fuska. "To, sun isa gare ta."

A gindin katanga akwai wata baƙar da'ira inda ƙasa ta ƙone. Wata kaza ta nufi wurin tana tono. Tani ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta kore ta da bakin zane, sannan ta ɗauko tsohon kwando ta kife a kan tokar.